Alƙali Ba Kansila Ba Ne: Martani Kan Zaɓen Alƙalai a Ƙasar Bakolori

Wani ɗan'uwanmu marubuci ya fito da shawarar da ta cancanci a zauna a dube ta da kyau. Ya ce tunda kotuna sun daɗe suna gajiyar da manomin Bakolori, a daina naɗo alƙalai daga ofisoshin Gusau da Abuja, a bar mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun su zaɓi alƙalinsu da ƙuri'a kamar yadda suke zaɓar ɗan majalisa. Har ya zana mana irin mutumin da yake so: gogaggen lauya ɗan gari, wanda ya yi shekaru yana shiga da fita kotunan yankin, ya san gonaki da tarihin rikicinsu, ya san wanda ya gada da wanda ya karɓi jingina. Wannan lauya ya tsaya takara, ya zaga ƙauyuka, ya nemi yardar jama'a. In ya yi adalci a sake zaɓarsa, in ya ci amana a kayar da shi. Marubucin, wanda zan kira Malam, ya kafa hujja da Amurka, inda ake yin haka a jihohi da dama. Na yarda da shi cewa akwai ciwo, na kuma yarda cewa irin wannan lauya ya dace da kujerar alƙalanci. Inda muka rabu shi ne ƙofar da yake son a shigo da shi. Akwatin zaɓe yana ƙirga yawan mutane ne, kuma wanda ya fi kowa buƙatar alƙali a Bakolori shi ne wanda ba shi da yawa.

Wanda ya san tarihin yankin ba zai yi wa Malam gardama kan ciwon ba. Tun da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala ginin a 1978, maganar gona ba ta sake zama mai sauƙi ba. Ruwan tafkin ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka tashi dubban iyalai aka mayar da su kan tudun da bai kai fadamarsu albarka ba. A ƙasan madatsar, inda aka shirya noman rani a fili sama da hekta 20,000, manyan motoci sun baje gonaki, sun tumɓuke itatuwa da shingaye da duk alamar iyaka da kakanni suka bari, aka yi wa ƙasar sabon yanka don ta dace da magudanan ruwa. Da aka zo mayar wa masu ita, wani ya samu abin da bai kai nasa ba, wani aka kai shi inda bai taɓa sa fartanya ba, wani ya ga damina ta wuce ta sake wucewa ba shuka ba diyya. Masu fadama can gangare kuma suka rasa ambaliyar da ke shayar musu da shinkafa kowace shekara. A wannan shekara ta 1978 ɗin ce Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A kan wannan tushe mai rauni aka ɗora gado da jingina da aro da haya da ciniki na shekara arba'in da ɗoriya, kuma aikin gyaran da Bankin Duniya ya tallafa wa ƙarƙashin shirin TRIMING ya ƙara wa filin daraja, wanda ke nufin ya ƙara wa rikicinsa zafi. Alƙalin da bai san wannan tarihi ba zai daɗe yana lalube.

Amma a cikin wannan tarihi akwai babin da ke karya hujjar Malam tun daga tushe. A ƙarshen watan Afrilun 1980, bayan manoma sun daɗe suna tare hanyoyin aikin don neman diyyarsu, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, suka yi harbi, suka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai talatin ba. Wasu bayanai sun kai adadin sama da 380. Ba soja ke mulki ba a ranar. Alhaji Shehu Shagari ne shugaban ƙasa, ɗan jihar Sakkwato ta wancan lokaci wadda Bakolori ke cikinta, Alhaji Shehu Kangiwa ne gwamna, dukkansu zaɓaɓɓu ne na 1979 a jam'iyyar NPN, kuma jihar ta ba su ƙuri'a ba da wasa ba. Zaɓe bai kāre manomin Birnin Tudu ba, domin a lissafin ƙasa baki ɗaya shi tsiraru ne, gonarsa kuma ta tare wa babban aikin gwamnati hanya. Abin da ya rasa a ranar shi ne wani mai iko wanda kujerarsa ba ta dogara da yardar masu mulki ko sowar taro ba, wanda zai iya cewa a dakata da aiki sai an biya. Idan aka mayar da alƙali zaɓaɓɓe, an ƙara mutum ɗaya a layin masu tsoron ƙuri'a, an kuma rage kujera ɗaya tilo da aka gina don kada ta ji wannan tsoro.

A sauko daga tarihi a shiga zauren kotu a ga waɗanda ke zaune a kan benci. Ga manomi ya kawo ƙarar makiyayi kan ɓarnar shinkafa, makiyayin kuma yana cewa an nome burtali an toshe masa hanyar mashaya. Ga gwauruwa da marayunta suna neman kason mijinta daga hannun 'yan'uwansa, waɗanda gidansu kaɗai ya isa cika rumfar zaɓe. Ga mai gona a ƙarshen magudana yana kukan na sama sun tare ruwa, na saman kuwa gari guda ne. Ga baƙo da ya zo daga Katsina ko Kebbi ya karɓi hayar fili don noman rani, mai fili ya ga amfani ya yi kyau ya ce shi aro ya bayar. A kowace ɗaya daga cikin waɗannan shari'o'i, ɓangare ɗaya yana da ƙuri'a mai yawa, ɗayan ba shi da ko kaɗan. Makiyayin ma wataƙila ba ya cikin rajistar masu zaɓe ta wannan ƙaramar hukuma, domin yau yana nan gobe yana daji. Ba sai alƙalin ya kasance mugu ba. Ya isa kawai ya tuna cewa saura wata takwas zaɓe. Maganar makiyayi kuwa ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin duk wanda ya bi diddigin yadda Zamfara ta faɗa cikin wannan bala'i na 'yan bindiga ya san cewa cikin koke-koken da suka fi yawa tun farko akwai na Fulani makiyaya da ke cewa ana tatsar su a ofishin 'yan sanda da gaban masu gari da kotuna. Wannan koke ba uzuri ba ne ga wanda ya sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, ko ɗaliban kwalejin aikin gona ta Bakura a Agustan shekarar, kuma babu zaluncin da ke halatta irin wannan ta'asa. Sai dai yankin da ke neman hanyar dawo da mutane daga bindiga zuwa kotu ba zai fara da sanar da su cewa alƙalin na waɗanda suka fi yawa ne ba.

Sai maganar kuɗi, wadda Malam ya wuce ta da sauri kamar ƙaramar aba. Takara a ƙananan hukumomi uku tana cin fosta da motoci da man fetur da wakilan akwati da abincin magoya baya da gaisuwar manya. Lauyan karkara, komai gogewarsa, ba kasafai yake da wannan dukiya ba, domin akasarin waɗanda yake tsaya wa talakawa ne masu biya da buhun shinkafa ko da addu'a. To wa zai ɗauki nauyinsa? Babban dillalin shinkafa, mai injin casa, ɗan kwangila, attajirin da ya tara gonaki a cikin aikin noman rani, wato dai mutanen da sunayensu suka fi yawa a takardun sammaci. Sama da su kuma akwai iyayen gidan siyasa, kuma a nan Bakolori ta sha bamban da kusan ko'ina. Waɗannan ƙananan hukumomi uku kowacce ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ba zargi nake yi wa kowa ba, gaskiyar fili ce kawai cewa a ƙasar da manyan gidajen siyasa uku suka yi rassan da suka kai kowace mazaɓa, babu mai cin zaɓen da ya haɗa yankin ba tare da ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannunsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. A ƙara da wani tanadi na tsarin mulkin 1999 da Malam bai ambata ba: sashe na 292 ya hana duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin alƙalin babbar kotu komawa tsayawa gaban kotu a matsayin lauya. Lauyanmu ke nan ya rufe ofishinsa har abada don kujerar da za a iya ƙwace masa bayan shekara huɗu. Mutumin da abincin iyalinsa ya rataya kacokan a kan tazarce, me ake zaton zai yi ranar da shari'ar mai ɗaukar nauyinsa ta zo gabansa?

Zamfara ma ta fi kowace jiha sanin amfanin alƙalin da ba ya jiran ƙuri'a. A zaɓen gwamna na 2019 ɗan takarar APC ya samu ƙuri'a sama da 500,000, na PDP bai kai 200,000 ba. Amma tun kafin zaɓen akwai ƙara kan ko APC ta yi zaɓen fidda gwani bisa ƙa'ida. Babbar kotun jiha a Gusau ta ce an yi. Kotun Ɗaukaka Ƙara a Sakkwato ta soke wannan hukunci. A ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar da sokewar, ta ce ƙuri'un APC duk sun tafi a banza, mulki ya koma hannun Matawalle na PDP. Bayan shekara huɗu abin ya juyo ta ɗaya ɓangaren: a Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, a sake shi a wasu wurare har da Maradun, sannan a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan ta tabbatar da Dauda Lawal, wanda ya gaji Matawalle, a kujerar gwamna. Mutum yana iya jin zafin ɗaya daga cikin hukuncin nan ko ma duka biyun, kuma masana shari'a sun yi ta muhawara a kansu. Abin lura shi ne shari'ar 2019 a babbar kotun jiha ta fara, irin kotun da Malam yake son a cika da zaɓaɓɓu. Da a ce alƙalin da ya saurare ta ya hau kujera ne da goyon bayan ɗaya daga cikin masu rikicin, babu hukuncin da zai yanke da wani zai gaskata, ko da kuwa ya yi daidai. Kotu na rayuwa ne da yardar wanda ya sha kaye, kuma wanda ya sha kaye ba ya yarda da alƙalin da ya ga fostarsa manne kusa da ta abokin hamayyarsa.

Malam zai ce a yi zaɓen ba jam'iyya. Wannan magana ce mai daɗin ji, amma wa zai gudanar da zaɓen? In hukumar zaɓe ta jiha ce, kowa ya san al'adarta a faɗin Nijeriya: jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujerun ƙananan hukumomi, kuma a zaɓen Nuwamban 2024 a Zamfara kujeru 14 duka jam'iyya mai mulki ce ta ɗauke. Cire alamar jam'iyya daga takardar ƙuri'a ba ya cire ta daga bakin mai unguwa da shugaban matasa, waɗanda za su bi gida gida su faɗi wanene namu. Sannan a ƙasar da ƙauyuka da dama suka watse, wasu kuma suke biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su yi noma ko girbi, wa ke da tabbacin cewa mai bindiga ba zai sami ra'ayi kan wanda zai zauna ya yi wa yaransa shari'a ba? Arewa ta taɓa ɗanɗana alƙalancin da ya haɗu da jam'iyya. A shekarun 1950 da farkon 1960, lokacin da kotunan alƙalai ke ƙarƙashin En'e, 'yan NEPU da dama sun sha ɗauri da bulala a kan laifuffukan da kowa ya san asalinsu adawa ce. Gyaran 1967 zuwa 1968 ne ya cire waɗannan kotuna daga hannun hukumomin gargajiya ya mayar da su ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha. An sha wuya kafin a raba alƙali da mai mulki. Shawarar Malam tana sake ɗaura auren, sai dai a wannan karo da sunan jama'a.

Hujjar Amurka ita ma in aka buɗe cikinta ba ta tsaya masa ba. Gaskiya ne jihohi 39 suna zaɓar aƙalla wasu alƙalansu, al'adar da ta bazu tun ƙarni na 19, amma alƙalan tarayya har da na Kotun Ƙoli naɗa su ake yi, kuma ba su da wa'adin da ke ƙarewa da zaɓe. A jihar West Virginia, shugaban wani kamfanin haƙar kwal mai suna Don Blankenship ya kashe kusan dala miliyan 3 a 2004 don taimaka wa lauya Brent Benjamin ya hau kotun ƙolin jihar, alhali kamfaninsa na shirin ɗaukaka ƙara kan hukuncin biyan dala miliyan 50. Benjamin ya ci zaɓe, ya ƙi janye kansa daga shari'ar, ya kuma kasance cikin waɗanda suka soke hukuncin. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta shiga a 2009 ta ce wajibi ne ya janye, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. A Wisconsin, kujera ɗaya tak ta kotun ƙolin jiha ta ci sama da dala miliyan 100 a zaɓen 2025. Binciken da Gregory Huber da Sanford Gordon suka wallafa a 2004 kan dubban shari'o'in laifi a Pennsylvania ya nuna cewa alƙalai suna ƙara tsawon ɗauri yayin da zaɓensu ke matsowa, wato yawan shekarun da mutum zai yi a kurkuku ya danganta da kalandar siyasar mai yanke masa hukunci. Ƙasashen da suka gwada abin a baya-bayan nan ma ba su kawo labari mai daɗi ba. A Bolibiya a 2011 kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un zaɓen alƙalai lalatattu ne ko farare. A Meziko a Yunin 2025 kimanin kashi 13 cikin ɗari kaɗai suka fito, aka yi ta raba wa mutane takardun da ke nuna musu lambobin da za su cika, kuma kujerun kotun ƙoli tara suka tafi ga waɗanda ake gani na kusa da jam'iyya mai mulki ne. 

Akwai kuma abin da Malam ya tsallake gaba ɗaya: akasarin shari'o'in talakan Bakolori, na aure da gado da bashi da gona, a kotunan shari'ar Musulunci ake yin su, waɗanda Zamfara ta sake wa tsari bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999. Fikihun da waɗannan kotuna ke aiki da shi yana da tsohon ra'ayi kan neman alƙalanci, kuma ra'ayin ba ya goyon bayan kamfe. Malaman Malikiyya sun ɗauki kwaɗayin wannan kujera a matsayin alamar da ke sa a guji mai ita. Imam Sahnun na Ƙairawan, mai Mudawwana, bai karɓi alƙalanci ba sai a ƙarshen rayuwarsa bayan an matsa masa, kuma da sharaɗin hukuncinsa zai hau har kan iyalan gidan sarauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya lissafa karɓar toshiya a wurin shari'a cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su, ƙaninsa Abdullahi kuma a Diya'ul Hukkam ya ɗora wa shugaba nauyin nemo alƙali mai ilimi da tsentseni. Na san za a ce malamai sun halatta wa mutum ya gabatar da kansa idan ya ga babu wanda ya fi shi cancanta kuma haƙƙoƙi za su salwanta. Haka ne. Amma gabatar da kai gaban masana su gwada iliminka daban, hawa mumbarin siyasa daban. Kansila yana iya alkawarin rijiyar burtsatse, ɗan majalisa ya yi alkawarin hanya. Mai neman alƙalanci in ya riƙe lasifika a kasuwar Talata Mafara, me yake da shi na alkawari in ban da hukunci? Duk abin da zai faɗa don ya burge taro, ko tsananta wa masu ɓarna ne ko kāre gonakin 'yan gari, hukunci ne da ya yanke tun kafin ya ji shaida.

Sanin gari da Malam ya ɗora wa nauyi mai yawa shi ma yana da kaifi biyu. Lauyan da ya yi shekara ashirin a yankin ya tsaya wa rabin manyan gidaje, ya yi gaba da sauran rabin, ya ji sirrin wasu a ofishinsa, yana da surukai a Bakura da 'yan'uwa a Mafara. Wannan ba aibi ba ne, haka rayuwa take. Shi ya sa tsarin naɗi yake da hanyoyin rage nauyin: ana iya tura shi wata shiyya ya fara aiki, ana iya canja masa wuri, kuma ƙa'ida ta tilasta masa janyewa daga shari'ar da yake da alaƙa da ita. Zaɓe yana yin akasin haka, yana ɗaure shi a daidai wurin da alaƙoƙinsa suka fi yawa, sannan ya ƙara masa sababbi, na waɗanda suka zaɓe shi da waɗanda suka ƙi. Kuma mai ƙuri'a, duk kaifin hankalinsa, ba shi da hanyar auna abin da ya fi muhimmanci. Yana iya sanin lauya mai fara'a da zuwa jana'iza da iya magana a rediyo. Ba shi da damar karanta yadda yake warware rabon gado mai sarƙaƙiya, ko yadda yake auna shaidar da ta ci karo da takarda. Sau da yawa alƙali nagari mutum ne mai kamewa, wanda ba ya yawan shiga taro, kuma irin wannan ba ya cin zaɓe a ko'ina.

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce tsarin naɗin da muke da shi yanzu ma ba tsarkakakke ba ne, kuma a nan ba ni da abin kāre shi. A takarda tsarin yana da kyau. Sashe na 271 ya ce gwamna ne ke naɗa alƙalin babbar kotu bisa shawarar Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, kuma duk lauyan da ya shekara goma da fara aiki ya cancanta, ko na gwamnati ne ko mai zaman kansa. Majistarori da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci kuma hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke naɗa su, wadda Babban Joji ke shugabanta, da Antoni Janar da Girandi Kadi da lauyoyi biyu da wasu mutum biyu da ba lauyoyi ba. A aikace kuwa, mafi yawan waɗannan kujeru da hannun gwamna a ciki, sunaye suna fitowa ne daga ɗakin da ba wanda ya ga abin da aka yi a cikinsa, kuma koken cewa 'ya'ya da dangin manya ke cike gurabe ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Lauyan karkara da ba shi da kowa a Gusau yakan ji labarin gurbi ne bayan an rantsar da wanda ya samu. Ga kuma kuɗin kotuna da ke wucewa ta hannun gwamnoni duk da tanadin sashe na 121, abin da ya kai ma'aikatan shari'a ga rufe kotunan ƙasar nan na sama da wata biyu a 2021. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba cutar da kyau: alƙali yana bin wani bashin kujerarsa, kuma an yi cinikin a ɓoye. Naɗi yana sa shi bashi sau ɗaya, daga nan doka ta ba shi kariya har zuwa ritaya, wadda gyaran 2023 ya kai shekara 70 ga alƙalan manyan kotuna, don haka mai zuciya yana iya juya wa wanda ya naɗa shi baya ya kwana lafiya. Zaɓe yana sabunta bashin kowane wa'adi, ya kuma ƙara yawan masu binsa.

Hanyar da za ta kai gogaggen lauyan Malam kan kujera ba tare da ta sayar da shi ba tana nan, kuma an gwada ta a Afirka. Tun bayan tsarin mulkin 2010, Kenya tana tallata gurbin alƙali a fili, ta wallafa sunayen masu nema, ta karɓi ƙorafin jama'a a kansu, sannan ta yi musu tambayoyi a gaban kyamara kowa na kallo. Kotun da aka gina ta wannan hanya ce ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci a Satumban 2017, ƙarƙashin David Maraga. A gida ma, a 2025 Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta fara wallafa sunayen waɗanda ake shirin naɗawa don jama'a su tofa albarkacin bakinsu. Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan zuwa kotunan da talaka ke zuwa. A sanar da kowane gurbi a rediyo da Hausa da Fulatanci. A ware kaso ga lauyoyi masu zaman kansu da suka yi aiki a wajen Gusau, da malaman fikihu da suka ci jarrabawa a rubuce. A liƙa sunayen a ƙofar kotun Talata Mafara da ta Bakura da ta Maradun na tsawon wata guda, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da na makiyaya da na mata su sami damar kai shaida a kan halin mutum, ko don shi ko a kansa, a kuma amsa musu a rubuce. A wajabta rubuta dalilin kowane hukunci da ba wa wanda ya sha kaye kwafinsa ba tare da ya biya wa kowa na goro ba, domin ɗaukaka ƙara ba ta yiwuwa sai da takarda. A nan jama'a suna da murya a kan halin alƙali kafin ya hau, suna da hanyar kai kukansa bayan ya hau, amma ba su riƙe da igiyar abincinsa. Shawarar Malam tana buƙatar gyaran tsarin mulki, wato kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, abin da kan ɗauki shekaru in ma ya yiwu. Wannan kuwa, a ɓangaren majistarori da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci, ƙa'idar aiki ce da hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ke da ikon sa wa hannu, Majalisar Dokokin Zamfara kuma ta mara mata baya da doka a zama ɗaya.